Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Bindigar Farauta da Madubin Saiti: Daga Maɓarnata Zuwa Barewa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu shirin shiga farauta a Amurka, musamman wanda kuɗinsa bai wuce na bindiga ɗaya ba, amma yana so ta yi masa aiki a kan ƙananan dabbobi masu ɓarna da rani, ta kuma kawo masa nama idan kaka ta yi. Barewar da ake nufi a nan ita ce ta can, mai farar wutsiya, da 'yar uwarta ta yamma mai kunnuwa kamar na alfadari. Mun riƙe awo da yadi da inci saboda da su ake rubutu a kwalin harsashi da jikin madubi. Yadi 100 mita 91 ne, inci ɗaya kuma santimita 2.54.

Waɗanne dabbobi ne maɓarnata, kuma me ya raba bindigarsu da ta barewa?

Su ne waɗanda manomi da makiyayi ke kuka da su: koyoti, wato dilar Amurka mai ɗauke 'yan tumaki, da yanyawa, da wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya da ke haƙe gonakin gabas, da kuregen fili da ke kafa garuruwan ramuka a South Dakota, Wyoming da Montana. Kuregen nan nauyinsa wajen kilo ɗaya ne, kuma sau da yawa daga yadi 200 ko 300 ake harbinsa, harbi ɗari ko fiye a wuni. Don haka ana son harsashi ƙarami mai gudu, marar shuri, da bututu mai kauri da ba ya saurin zafi.

Barewa kuwa tana tsakanin kilo 45 da 130. Harbi ɗaya ake yi mata, wani lokaci ɗaya tal a shekara, galibi ƙasa da yadi 150, da asuba ko dab da magariba. Abin da ake nema shi ne harsashin da zai ratsa fata da haƙarƙari ya kai huhu, da bindigar da za a iya ratayawa wuni guda ba ta karya kafaɗa ba.

To bindiga ɗaya za ta iya ɗaukar ayyukan biyu?

Za ta iya, in ka yarda ba za ta zama gwana a kowanne ba. Amsar da ta daɗe tana aiki ita ce .243 Winchester (lambar tana nuna kaurin harsashi da inci), wadda ta fito a 1955 domin wannan buƙata. Kwanson .308 ne aka matse wuyansa ya riƙe harsashi mai kaurin milimita 6. Tana harba mai nauyin giren 55 zuwa 75 don maɓarnata, da mai giren 90 zuwa 100 don barewa. Giren awo ne na nauyin harsashi, giren 100 ya yi giram 6.5. Mai giren 100 yana barin bakin bindiga da gudun ƙafa 2,960 a daƙiƙa, kuma shurinsa wajen rabin na .30-06 ne.

Ta biyu ita ce 6.5 Creedmoor, wadda kamfanin harsashi na Hornady ya fitar a 2007. Ta fi .243 a kan barewa da kuma cikin iska, domin harsashinta na giren 140 dogo ne siriri. Amma a kan kurege ta yi yawa, kuɗin harsashi kawai za ka ƙona.

Hukuncinmu: in barewa ce babban abin da kake nema, koyoti kuma sai jefi-jefi, ɗauki 6.5 Creedmoor ko 7mm-08. In rabi da rabi ne, .243. In kuwa niyyarka ka zauna a bakin garin kurege kana harbi daga hantsi zuwa la'asar, taura biyu ba ta taunuwa: sayi .223 daban. Bututun .243 yakan fara rasa daidaito tsakanin harbi 1,500 da 2,500, domin albarushi mai yawa ne ke bi ta ƙaramar ƙofa yana cinye maƙogwaron bututu. Na .223 yana ninka haka.

An ce .223 tana kashe barewa. Gaskiya ne?

Tana kashewa, da sharaɗi: harsashi mai ƙwari na giren 60 zuwa 70 da aka ƙera don babbar dabba, nisa bai wuce yadi 150 ba, barewa ta ba da gefe, maharbi kuma ya san abin da yake yi. Matsalar ita ce ba ta yafe kuskure. Ta taɓa ƙashin kafaɗa ko ta shiga a karkace, sai a wuni ana bin ɗigon jini a banza.

Ba ko'ina doka ta yarda da ita ba ma. Jihar Virginia ta ce sai kaurin .23 zuwa sama, Colorado ta ce .24. A Ingila dokar barewa ta 1991 ta sa .240 a matsayin mafi ƙanƙanta ga manyan barewa. A jihar Ohio kuma lamarin ya juye: .243 ɗin ma ba ta halatta a kan barewa ba, sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso irin .350 Legend da .45-70. Karanta littafin dokar farauta na jiharka na wannan shekarar kafin ka je shago.

Me zai hana in sayi babba gaba ɗaya, .308 ko .270 ko .30-06?

Babu abin da zai hana, duk ukun sun yi shekaru masu yawa suna cika tukunya. .30-06 tun 1906 take, .270 tun 1925, .308 tun 1952, kuma duk ƙauyen da ake sayar da harsashi za ka same su. Abin dubawa shi ne shuri. Bindigar da ke dukan kafaɗa tana koya wa sabon maharbi zabura: kafin harsashi ya fita ya riga ya runtse ido, ya tura kafaɗa gaba, baki ya sunkuya ƙasa. Shi kuma ba zai taɓa yarda yana yi ba.

Ga yadda ake kama shi. Abokinsa ya ɗura masa bindigar yana ba shi baya, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu. Ranar da kunama ta ce ƙas a kan wofi, kowa zai ga bakin bindiga ya sunkuya. Wanda yake haka da .30-06, .243 ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. Ƙara kuma tana jawo zabura kamar shuri, ga kurmantarwa, don haka abin toshe kunne ba kwalliya ba ne.

Harsashin maɓarnata da na barewa ba ɗaya ba ne in kaurinsu ɗaya?

A nan mutane da yawa ke yin asarar dabba. Na maɓarnata, irin Hornady V-Max, rigar tagullarsa siririya ce, an yi shi ya tarwatse da ya taɓa jiki. A kan kurege hakan ake so, kuma yana rage haɗarin harsashi ya daki ƙasa ya tashi ya nufi gidan wani. A kafaɗar barewa kuwa sai ya fashe a waje, ya bar rauni mai faɗi marar zurfi, dabba ta gudu ta je ta mutu bayan kwanaki.

Na barewa, irin Remington Core-Lokt, Federal Fusion da Nosler Partition, yana buɗewa a hankali kamar laima, ya riƙe yawancin nauyinsa, ya ratsa. Akwai kuma na tagulla zalla irin Barnes TTSX, wanda ya zama dole a California tun 1 ga Yulin 2019 da aka hana farauta da dalma. Shi yana son gudu kafin ya buɗe, saboda haka a ɗauki marar nauyi, misali giren 80 a .243. Harsashin soja mai rufaffen kai, wanda ya fi araha, ba na farauta ba ne: huda kawai yake yi ya wuce, kuma yawancin jihohi sun hana shi a kan barewa.

Kowane iri yana da inda yake sauka. Idan ka saita da giren 58 ka koma giren 100, sai ka sake saiti.

Mene ne 1:8 ko 1:12 da ake rubutawa a bayanin bututu?

A cikin bututun raifil akwai zane mai murɗiya da ke juya harsashi kamar katantanwa don ya tafi a miƙe. 1:8 na nufin juyi ɗaya cikin inci 8. Dogon harsashi yana buƙatar murɗiya mai sauri. .223 mai 1:12 tana son giren 40 zuwa 55, in ka ba ta giren 75 sai ka ga ramin da ke takarda ya zama dogo kamar ƙofar makulli, alamar harsashin a kwance ya iso. Mai 1:8 tana ɗaukar har giren 77. Yawancin .243 suna zuwa da 1:10 ko kusa da haka, wanda ya isa har giren 100.

Wane irin ƙira ya fi, kuma me zan duba a shago?

Mai sakata, wadda ake ɗaga hannu a ja baya a tura gaba. Ta fi sauƙin gyara, ta fi daidaito a kan kuɗinta, kuma babu jihar da ke ba da izinin raifil ta hana ta, alhali Pennsylvania ba ta yarda a harbi barewa da raifil mai ɗura kanta ba. Ruger American, Savage Axis, Howa 1500 da Tikka T3x duk suna harbi fiye da yadda yawancin masu su ke iyawa.

Bututu mai inci 22 ya wadatar. Kowane inci da aka rage yana cin wajen ƙafa 20 zuwa 30 na gudu, wanda barewa ba za ta san da shi ba. Nauyi da madubi da komai ya tsaya wajen kilo 3.5 zuwa 4. Ta maɓarnata mai kaurin bututu tana haura kilo 5, daɗi a kan tebur, azaba a kan tudu.

Kunama ta saki da nauyin jan yatsa wajen fam 3, wato kilo 1.4, tsaf, ba tare da ja ko ƙuƙuwa ba. Kada a sauke ta ƙasa da haka a bindigar da za a riƙe da safar hannu cikin sanyin Nuwamba, lokacin da yatsa ba ya jin komai. Sannan ka gwada tsawon gindin da rigar sanyin da za ka sa a daji. Ka kuma zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako: ta wuce sumul har kusa da gidan harsashi, alamar babu inda suke gogayya.

Me 3-9x40 ke nufi, kuma wane girma zan saya?

Lambobin farko ƙarfin kusantarwa ne, daga ninki 3 zuwa 9. Ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ne da milimita. Raba faɗin da ƙarfin, ka sami kaurin hasken da ke isa idonka: 40 a raba da 9 ya ba da milimita 4.4, a raba da 6 kuma 6.7. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har milimita 7 a duhu, ta dattijo wajen 5. Shi ya sa da magariba in hoto ya dushe, rage ƙarfi ake yi, kuma shi ya sa gilashi mai milimita 56 ba ya ƙara wa mai shekara sittin wani abu mai yawa sai nauyi da dogayen zobban ɗaura madubi.

Don barewa kaɗai, 3-9x40 ko 2-7x33 a cikin kurmi. Don ayyuka biyu, 4-12x40 ko 3-15x44. Irin su 6-24x50 na kurege ne. Wanda ya shiga daji da shi, barewa ta ɓullo a yadi 30, gashi kawai zai gani bai san na wace gaɓa ba ne. Ko da wane madubi kake, bar shi a mafi ƙarancin ƙarfi lokacin tafiya. Dabbar da ke nesa tana ba ka lokacin murɗawa, ta kusa ba ta bayarwa.

Tazarar ido da gilashin baya ta kai inci 3.5 zuwa 4. In ta gaza, ranar da ka harba sama kan tudu gefen madubi zai tsaga maka gira. Game da kuɗi, araha ba ta ado: gara bindiga mai sauƙi da madubi mai kyau da a juya lamarin. Madubin banza yana yin hazo a ciki ranar sanyi, ko saitinsa ya goce bayan harbi ashirin. Leupold VX-Freedom, Vortex Diamondback da Burris Fullfield su ne matakin da ake fara samun abin dogaro.

Ina buƙatar maɓallin gefe na daidaita nisa?

Gwada wannan: ɗora bindiga a kan buhun yashi, kada ka taɓa ta, ka kaɗa kai hagu da dama kana leƙe. In zaren saiti yana yawo a kan takarda, hoton da zaren ba su zauna wuri ɗaya a cikin madubin ba. Madubin barewa na yau da kullum an daidaita shi a yadi 100 ko 150, kuskurensa a yadi 300 bai wuce inci ɗaya ko biyu ba, wanda ba komai ba ne a ƙirjin barewa. A kan kurege kuwa wannan ya isa kuskure. In ƙarfin madubinka ya haura ninki 10, nemi mai maɓallin.

Zare mai kauri a gefe siriri a tsakiya shi ya fi ganuwa da almuru. Masu ɗigo-ɗigo na nuna faɗuwar harsashi suna da amfani, amma a yawancin madubin farauta lissafinsu yana daidai ne a ƙarfi mafi girma kaɗai.

Yaya ake ɗaura madubi?

Yawancin abin da ake ɗora wa bindiga laifi, daga nan ya samo asali. Ka tabbata babu harsashi a ciki, ka cire sakata. Goge mai daga ramukan sukuru da saman bindiga. Ɗaura gindin da ɗigon gam mai launin shuɗi na sukuru, kada ka sa ja, shi sai da wuta yake kwancewa. Zobba su dace da jikin madubi, inci ɗaya ko milimita 30, kuma a zaɓi mafi gajarta da za su bar gilashin gaba bai taɓa bututu ba, hannun sakata kuma bai daki na baya ba.

Ɗora madubi ba tare da ɗaurewa ba, ka kai shi ƙarfi mafi girma. Runtse ido, ɗaga bindiga kafaɗa, kwantar da kunci yadda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe. In ka ga baƙin zobe a gefe, madubi za ka ja gaba ko baya, ba wuyanka ba. Rataya igiya da dutse a nesa, ka daidaita bindiga da ma'aunin ruwa, ka juya madubi har zaren tsaye ya hau kan igiyar. Sai ka ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan, giɓin zobe ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Ƙarfin ɗauri a saman zobe inci-fam 15 zuwa 18 ne a yawancin kamfanoni. Lura: inci-fam, ba ƙafa-fam na makanikin mota ba. Wanda ya ɗaure da ƙarfin tuwo yana lotsa jikin madubi, maɓallin ƙarfi ya yi tauri, saiti ya daina bin umarni.

Yaya ake saitawa ba tare da ƙona kwali biyu ba?

Fara a yadi 25. Cire sakata, leƙa ta cikin bututu ka sa ɗigon takarda a tsakiya, sannan ka murɗa madubi zare ya hau ɗigon, bindiga ba ta motsa ba. Harba ɗaya, gyara, koma yadi 100. A yawancin madubai kowane ƙas na maɓallin saiti rubu'in inci ne a yadi 100. In harsasai uku sun taru inci 3 ƙasa, inci 2 dama, ƙas 12 ne sama, 8 hagu. A yadi 25 sai ka ninka sau huɗu: inci ɗaya ƙas 16. Tsakiyar taron ukun ake bi, kada a bi harsashi ɗaya-ɗaya.

Don .243, .270 ko .308, saita ya sauka inci 1.5 zuwa 2 sama da ɗigo a yadi 100. Zai faɗa daidai a wajen yadi 200, ya sauka inci 7 zuwa 9 ƙasa a yadi 300. Ka bar bututu ya huce tsakanin harbi, domin harbin farko na bututu mai sanyi shi ne zai gamu da barewa. Bayan wanki kuma ka yi harbi biyu ko uku kafin fita, bututu mai danshin mai yakan jefa na farko wani wuri.

Harsasaina suna warwatse. Ina laifin yake?

Bi daga mai sauƙi. Sukurorin zobe da na gindi, sannan biyun da ke riƙe ƙarfe da katako. Duba ko ka ɗora bututun kansa a kan buhu ko reshe, wanda ke jefa harsashi sama; katako ake ɗorawa. In ramuka suna hawa sama a jere yayin da bututu ke zafi, akwai inda yake taɓa katako. In suna bin gefe, iska ce ko jan kunama: iskar mil 10 a sa'a tana ture harsashin .223 mai giren 55 inci 10 ko fiye a yadi 300. In sun rabu gida biyu, zargi madubi ko zobe. Sai ka gwada harsashi iri uku, domin bindigogi biyu da suka fito daga injin ɗaya ma kowacce da abincinta. Taron inci 1.5 a yadi 100 ya ishi barewa, kurege yana son ƙasa da inci ɗaya.

Daga wane nisa ya kamata in harba, kuma ina?

Huhu da zuciyar barewa faɗinsu kamar faranti ne mai inci 8 zuwa 9. Liƙa farantin takarda, ka harba a zaune ko a durƙushe da sanda, yadda za ka yi a daji. Nisan da kake sa tara cikin goma a ciki, nan ne iyakarka, ko me aka rubuta a kwali. Auna bayan ƙafar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji. Kai da wuya suna motsi, kuskuren inci biyu yana karya muƙamuƙi dabba ta tsere. Kada a harbi dabbar da ke tsaye kan tudu sama ce a bayanta, kuma kada a leƙa abin da ba a tantance ba da madubin bindiga. Wannan aikin tabaran hangen nesa ne.

Baƙo zai iya sayen bindiga a Amurka? A Nijeriya fa?

Mai katin zama na dindindin yana saye kamar ɗan ƙasa: ya cika takarda mai lamba 4473, a binciki tarihinsa, shekarunsa sun kai 18 a dokar tarayya, wasu jihohi kuma 21. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki, kuma kafin lasisin yawancin jihohi suna buƙatar kwas na koyon farauta.

A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta raba abin gida uku. Bindigar toka tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, raifil na farauta sai da lasisin Sufeto Janar, masu kaurin soja irin 7.62 da .303 kuwa suna cikin haramtattu. Kaurin .308 shi ne 7.62, don haka shawarar shagon Texas ba ta aiki a Kano.

Naman abin da aka harba da raifil ya halatta?

Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, domin yana hudawa ya zubar da jini, da sharaɗin a yi bisimilla lokacin harbi da niyyar farauta. In ka iso ka tarar da sauran rai, sai ka yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugu, kada a bar ta a mota. Tunkari dabbar ta baya da bindiga a shirye, ka taɓa idonta da tsinken reshe. In bai ƙifta ba ta mutu, sai ka cire harsashi daga bindiga, ka liƙa takardar shaida yadda jihar ta tsara, ka farke ciki nan take don naman ya huce.